Hunhunar bayan kwabar Inna

Ina janye kwabar kwanukan Inna a Warra, sai ga bango baƙi ƙirin, kwandon bandar kifi kuma ya yi kore. Wata uku ke nan tana tari da atishawa, tana ɗora wa sanyin ruwa laifi.

"Inna, wagga hunhuna fa kike shaƙa kullum."

"Wacce ciki? Koriyar ta kifi ce, baƙar ta damina ce."

Duk digirina ban san iri biyu ce ba.

Muka kankare bangon, na mayar da ita ɗakina kwana biyar, tarin ya lafa. Ta ce sanyin ne ya wuce.

Ku fa, wace iri ce a ɗakunanku, kuma tana sa ku tari?