Cikin da Goggo ta ce ya kwanta

Likitar ta daɗe tana goga na'urar hoto a marata, sannan ta ce gwaji ya nuna ina da ciki, amma ba ta gan shi a mahaifa ba.

Goggona da ta rako ni Dutsin-Ma daga Ɗantutture, ko a jikinta. Ta ce, "Ai cikin kwanciya ya yi, 'yar nan. Ga saiwar da ke tada shi a bakin zanena."

Likitar ta ce, "Goggo, mai kwanciya ana ganin shimfiɗarsa, wannan kuwa ban san inda yake ba tukuna. Wataƙila ƙanƙanta ya yi, wataƙila zubewa yake, wataƙila kuma a wajen mahaifa ya zauna, shi ne mai haɗari. Ku dawo jibi mu sake auna jini. In ta ji jiri, ko ciwo a gefe guda na mara, ko ta ga jini, kada ku jira jibin."

Ni haushi na ji, ga ruwa ya ɓata hanya. Duk da haka na so mu koma, Goggo ce ta hana mu komawa ƙauye, muka sauka gidan ƙawarta.

Da muka koma, aka gano shi a wajen mahaifa, aka yi mini allura tun bai fashe ba. Cikin bai tsaya ba, amma ga ni da raina. Saiwar kuwa Goggo ba ta taɓa kwance ta ba.

Ku fa, an taɓa ce muku "ban sani ba tukuna", ya zame muku alheri?