Bin Sawun Bushiya Daga Takardar Ƙosai

Daga gida zuwa Zakirai

Ana idar da sallar asuba na rataya 'yar jakata na fita, ko koko ban tsaya sha ba. Mai ɗakina ta biyo ni har zaure tana cewa, "Malam, yanzu fisabilillahi gero na jiran yanka a gona, kai kuma ka tafi neman bushiya?" Na ce ta dai bi ni da addu'a. Ta ce za ta yi, amma ta samun sauƙi.

Bari in gaya muku abin da ya fitar da ni. Shekarar nan ce da man fetur ya yi tashin gwauron zabo, hatsi ya bi bayansa. Ina da 'ya, Rabi, shekararta bakwai. Malamin ajinsu ya taɓa cewa a gaban yara kanta ba ya ja, tun daga ranar ta kafe, ta ce ita da boko haihata-haihata. Lallashi bai yi ba, tsawa ba ta yi ba. Ran nan na sayo ƙosai a Zakirai, aka ƙunso mini shi a wata takarda mai hoto. Muka cinye ƙosai, Rabi ta ɗauke takardar ta koma gindin rumbu. Can sai na ji wata 'yar murya tana haɗa baƙi da wasali, tana tuntuɓe tana tashi. 'Yata ce ke karatu, ba wanda ya sa ta. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Labarin wata bushiya ne da ta gaji da yadda kowa ke matsawa in ta zauna a wurin biki, sai ta tafi gun wanzami ya aske ta. Takardar ta ƙare daidai inda wanzami ya ɗaga aska. Rabi ta hana ni sakat da "Baba, an aske ta?" Na ga in wutar nan ta mutu, ban san ranar da za ta sake kamawa ba. Shi ne na yi mata alkawari a gaban uwarta, ba zan dawo gida ba sai da ƙarshen labarin.

Ɗan acaɓa ya ɗauke mu mu uku, ni da wasu fasinjoji biyu. In an zo gangara sai ya kashe inji don tsimin mai, in an zo rairayi sai mu sauka mu tura. Da muka iso na ce a rage mini ladan turi. Ya ce motsa jiki ne, kuma kyauta ya ba ni.

Na sami Inna Talatu mai ƙosai tana hura wuta. Bayan gaisuwa na tambaye ta sauran takardar nan mai hoton bushiya.

"Yo ni na san abin da ke jikinta, ɗan nan? Ni dai in ta riƙe ƙosai, takarda ce. 'Yan'uwanta sun bi masu saye tuntuni. Ka je Gezawa gun Ɗanladi, a can nake auno ta."

Na sayi ƙosai don kar in tashi haka nan. Shafin lissafi aka ƙunso mini.

Gezawa

A-kori-kura na samu, ni da tumaki da wani dattijo mai rungume da kaji. Hantsi ya ɗaga muka shiga gari. Ɗanladi na zaune a kan buhunan takardu, ga sikeli a gabansa. Ko zama ban yi ba ya ce, "Wace iri kake so? Ta ƙosai, ta tsire, ko ta gyaɗa?"

Na ce ta karatu. Ya dube ni, ya dubi sikelinsa, da alama bai taɓa auna irinta ba. Da na yi masa bayani ya ce ai littattafan yara su ne kan gaba a sana'arsa, don takardarsu kauri gare ta, ba ta yoyon mai. Masu tsire har rububinsu suke yi, Inna Talatu ma sa'a ta taka. Ya bar ni na birkice buhu biyu. Na ci karo da tarihin wata ƙasa, da hoton hanjin mutum, da jarrabawar wani yaro da ya faɗi ƙasa warwas. Bushiya kam ko ƙayarta ban gani ba.

A layin gaba akwai mai sayar da littattafai, amma rabin rumfarsa garin kwaki ya cinye. Ya ce shi ne ke fita. Ba shi da bushiya, sai ya miƙo mini wani littafin mai hoton jirgin sama, ya faɗi kuɗinsa. Daidai yake da abin da zai ciyar da gidana kwana biyu. Na mayar masa da shi a hankali da hannu biyu, kamar ƙwai.

Shi ne ya ce me zai hana in je laburare, a wani gari can gaba, inda ake ba da aron littafi kyauta. Na ce ya daina yi mini wasa. Aro kyauta, a shekarar da ko lauje ka ara sai mai shi ya biyo ka gona? Ya rantse. Sunan garin dai ba zan faɗa ba, don na ci tuwonsu.

Garin laburare

Da la'asar na isa. Gini ne mai kyau, da kwaɗo a ƙofa da akuya a baranda. Mai teburin da ke kusa ya ce makulli na gun Malam Garba, shi kuwa yana gona sai gobe. Mai unguwa ya sauke ni a zaurensa, aka kawo tuwon dawa da miyar kukar da ta hango daddawa daga nesa. Allah ya saka musu, na ci na suɗe hannu.

Da safe sai ga Malam Garba da makulli a rataye a wuya, yana ta gyara hula.

"Ranka ya daɗe, daga ofis?"

"A'a, karatu na zo."

Ya kama hannuna da nasa biyu ya ƙi saki. Ya ce rabon da wani ya zo masa da wannan maganar tun yana da babur.

Yana buɗe ƙofa muka hau atishawa. Barkono ya shanya a kan teburan karatu gaba ɗaya, ya ce nan ne kawai kaji ba sa shiga. Ina ambatar bushiya da wanzami ya miƙe zuwa wata kanta ya zaro littafin. Sabo dal, ko lanƙwasa babu. Na rungume littafin, na ce yaushe zan dawo da shi?

"Ai ba ya fita. Doka ce, duk littafin da yake guda ɗaya ba a ba da aronsa."

"To wanne ne ba guda ɗaya ba?"

Ya nuna mini kanta guda cike da littafi iri ɗaya, mai hoton jirgin ruwa, da wani yaren da shi kansa bai san na wace ƙasa ba ne. Ya ce wannan ko goma nake so in ɗiba. Raina ya ɓaci, na ce a garinmu ko kududdufi sai damina. Na roƙe shi, na haɗa shi da Allah. Ya ce in masu duba aiki suka zo babu bushiya, abincinsa ya ƙare. Wayata 'yar ƙarama ce mai tocila, ba ta ɗaukar hoto, tasa babbar kuwa ya sayar ya sayi taki.

Sai na tuna ni ɗan makarantar allo ne. Na ce ba komai, littafi ya zauna, ni zan haddace shi. Ko tunanin neman biro ban yi ba. Na tanƙwashe ƙafa a ƙasa, na fara rangaji, na ɗaga murya yadda aka koya mana. Malam Garba ya zaburo ya nuna mini allon da ke bango: A YI SHIRU. Na ce wa zan dama, barkono? Ya ce doka ba ta ce sai da mutane ba. Na ce ni kuma tunda uwata ta haife ni ban taɓa karatu baki a rufe ba.

Littafi ba ya fita, murya ba ta shiga. Can Malam Garba ya tafa hannu, ya ce ya gano. Na zagaya waje na tsaya a bakin taga, shi kuma ya tsaya daga ciki ya manna littafin a jikin ƙarafan taga, yana buɗe mini shafi yana atishawa.

Na ci gaba da hadda, ina rangaji ina maimaitawa. Kafin in ankara mutane sun taru a bayana, wasu sun cire takalma sun zauna, sun zaci wani malami ne ya sauka a garin. Wani tsoho yana ta gyaɗa kai yana "Allah ya ƙara sani," har sai da ya ji bushiya ta ce wa wanzami a bar mata saje. Ya buɗe ido, amma bai tashi ba. Ba wanda ya tashi sai da muka kai ƙarshe. Na biya wa Malam Garba haddar sau biyu, bai yi mini gyara ba. Ya zuba mini barkono cikin jaka, ya ce in gai da mai karatu.

Komawa

A mota ban yi magana da kowa ba, sai motsa baki nake don kar wani shafi ya zube a hanya. A wani shinge jami'i ya leƙo, ya gan ni ina rangaji ina kallonsa baki na motsi. Ya ja da baya, ya ce wa direba, "Wuce, wuce!" Direba ya waiwayo ya ce, "Allah gafarta Malam, duk ranar da za ka bi hanyar nan, gidan gaba naka ne."

Rana ta yi sanyi na shiga gida. Rabi ta sheƙo ta ƙanƙame ni, ta hau laluben jakata. Ta sami barkono. Na zauna, na gyara murya, na ce, "Da wanzami ya ɗaga aska..."

Ta sa tafin hannu ta toshe mini baki.

"Kar ka faɗa! Ina takardar?"

"Tana kaina, duk na haddace."

"To ni ta yaya zan karanta kanka, Baba?"

Na baro gona, na tura babur, na shaƙi barkono, ashe abin da aka aike ni ban gane shi ba. Labari kam kakarta ma tana ba ta kullum. Ta juya za ta koma ɗaki. Na ce ta tsaya. Na je murhu na ɗebo gawayi, na nufi bangon zaure da aka yi wa sabon yaɓe. Mai ɗakina ta buɗe baki, ta dubi 'yarta, ta rufe.

Na rubuta labarin tun daga inda hannuna ya kai har ƙasa, da manyan baƙaƙe karkatattu. Rabi ta hau turmi, ta ɗora yatsa ta fara. A hankali take tafiya, in ta cije sai in ji bakina yana ƙaiƙayi, amma na danne. Ta karanta yadda askar wanzami ta karye, ya ɗauko wata ita ma ta karye, har ya ce ya tuba. Ta karanta yadda bushiya ta koma gidan biki da ƙayarta, aka ajiye akushi, kowa ya matsa kamar kullum, ita kuwa ta cinye tuwon ita kaɗai. Nan Rabi ta fashe da dariya har ta zame ta zauna a ƙasa.

Da ta huce ta ce, "Baba, kar a goge. Gobe in an tashi daga makaranta zan taho da 'yan ajinmu in karanta musu."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina kuma gode wa mai unguwar da ya ba ni masauki, da Malam Garba da ya riƙe mini littafi har hannunsa ya sage. Washegari da sassafe ina wasa lauje na ji Rabi tana tambayar uwarta inda aka ajiye mata kayan makaranta.