Harsasan Ingomar a Gwangwanin Kitse

Yayana Ingomar mutum ne da bai iya zubar da komai ba. Ƙusa in ta lanƙwashe sai ya miƙar da ita ya ajiye, guntuwar igiya ma tana da ƙugiyarta a rumfar shanu. Tun babbar ambaliyar da ta share mana ƙasan gida muna matasa, duk abin da yake ƙauna saman silin yake kai shi. Ni Traudi, ƙanwarsa, na gaji da gaya masa wata rana silin ɗin nan zai rufto masa a ka. Iyakar amsar da nake samu ita ce in je in ji da tukwanena.

Ya yi aiki a masaƙa har ya yi ritaya, kullum a kan keke, ko ruwa ko rana. Matarsa Edla ta rasu, 'ya'yan duk sun koma birane, ya rage daga shi sai shanun madara da gonar rogo. Sai kuma ƙungiyar harbi ta ƙauyenmu, wadda kakanninmu da suka zo daga Jamus suka kafa a wannan kwari na kudancin Brazil. Ni ce mai dafa wa ƙungiyar agwagwa da jan kabeji ranar biki, don haka ta tagar madafa na ga rayuwar yayana kusan gaba ɗaya.

Kowace shekara a watan Mayu ake harbin sarki. Ana kafa faifan katako mai baƙin ɗigo a tsakiya, kowane ɗan ƙungiya yana da harbi uku, wanda ya fi kusa da baƙin shi ne sarkin shekara. A rubuta sunansa a faifan a rataye a bangon zaure, shekara mai zuwa kuma 'yan badujala su je har ƙofar gidansa su ɗauko shi. Akwai wata doka tun ta zamanin da kowa ke haɗa albarushinsa da hannunsa: in ka danna kunama harbi ya ƙirgu, ko bindiga ta tashi ko ba ta tashi ba. Tsofaffi suna cewa kula da harsashi ma cikin iya harbi yake.

Kakanmu yana da faifai biyu a bangon nan, babanmu yana da ɗaya. Ingomar ba shi da ko guda. Ba wai bai iya ba, ai kowa ya san hannunsa ba ya rawa. Sai dai kullum na biyu yake zuwa, har abokinsa Wigand ya raɗa masa Wazirin Dindindin, sunan kuma ya bi shi. Yana dariya in an faɗa, amma na sha ganinsa bayan an watse yana tsaye gaban faifan babanmu, yana kallon farin bangon da ke gefensa.

A shekarar da nake ba da labarinta, cikin zafin watan Janairu, na same shi yana juye madara rabi a bokiti rabi a ƙasa. Na ja shi dole zuwa wurin likitan ido a birni. Likitan ya ce tsakiyar ganinsa ce ke mutuwa a hankali, idanu biyun duka, gefe-gefe ne kawai za su rage, kuma babu tabarau ɗin da zai gyara. Ingomar bai tambayi magani ba, abin da ya tambaya shi ne ko zai kai watan Mayu yana ganin baƙin ɗigo daga nesa. Likitan ya ce mai yiwuwa, amma ba zai yi alkawarin abin da ya wuce nan ba. A cikin mota muna dawowa ya sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba, domin ya gwammace a yi masa tsiya da a ji tausayinsa.

To, a wannan shekarar ce kuma harsashi ya ɓace. Tun bara aka fara raɗe-raɗin za a ƙara tsananta takardun izinin sayen harsashi, kowa ya ruga shagon gari ya kwashi iyakar abin da izininsa ya ba shi, aka bar mai shago da kanta wayam. Duk wanda ya leƙa sai a ce masa kaya na hanya. Atisayen ranar Lahadi ya mutu murus, mutane suka koma zuwa zaure su buga kati su yi ƙorafi. Ingomar kuwa tun farkon raɗe-raɗin ya daina harbi, wai kafaɗarsa ke ciwo. Ni da na san shi na san abin da yake sayowa duk zuwansa gari, na kuma san inda yake hawa da shi.

Wigand shi ne sarkin wannan shekarar. Ya zo har gida ya roƙi kwalin harsashi ɗaya tak don kada hannunsa ya manta, ina zaune ina ɓare gyaɗa. Yayana ya dube shi ya ce ko ƙwaya ɗaya ba shi da ita. Wigand ya yarda, har da yi masa jaje.

A watan Afrilu shugaban ƙungiya, Odilo, ya tara kowa. Ya ce abin da ke ma'ajin ƙungiya ba zai ishi ko rabin mutane ba, ya cire hularsa ya ajiye a tebur, ya ce duk mai ɗan abu a ɓoye ya kawo a zuba a raba daidai, a yi biki a kan lokacinsa. Manyan mutane masu furfura kowa ya duƙufa kallon takalminsa. Na leƙo ta tagar madafa ina harar Ingomar har idona ya yi zafi, shi kuwa ya ƙura wa bango ido. Da Odilo ya ga babu mai motsi sai ya mai da hularsa, ya ce an ɗaga biki sai kaya sun iso.

A hanyar gida na sauke masa duk abin da ke bakina. Na tambaye shi ko ya manta abin da likita ya ce, ko kuwa harsasan zai dafa ya ci. Ya ce in kwantar da hankalina, ai Odilo kansa yana da su, surukin Wigand ma yana da su, mako biyu kawai za su gaji su fito da nasu, shi kuma nasa su rage masa na atisaye. Da na matsa sai gaskiyar ta fito.

"In na kawo yanzu, Wigand zai san ƙarya na yi masa."

"To sai ya sani, Yaya. Wigand zai huce, idonka ne ba zai jira ka ba."

Ya sa kai ya shige rumfar shanu.

Ashe lissafin da yake yi, shi kowa ke yi. Mayu ya wuce, sanyin Yuni da Yuli ya shigo, babu wanda ya fito da komai, shago kuma kullum kaya na hanya. Ni kuwa na lura Ingomar ya fara karkata kai in zai dube ni, kamar yadda kaza ke duban tsaba. Ya gaisa da limamin cocinmu ya kira shi da sunan mai karɓar madara. Na koma ina gwada shi a fakaice, in nuna wani abu can tsallaken kogi in ce mene ne wancan, shi kuma ya ce ba shi da lokacin shirme. In na ji ƙarar babbar mota ta nufi gari sai in ce ko kayan ne, washegari in tura a tambayo, a dawo mini da amsar jiya. Sau biyu na kama hanyar gidan Odilo don in tona asirin silin, rantsuwar da na yi ta mai da ni gida.

Wata safiya a watan Satumba ya shigo madafata rungume da gwangwani, ya dire a tebur. Ya ce jiya ya ɗauko hoton Edla ya duba, ya ga gashinta da wuyan rigarta, bai ga fuskarta ba. Ya ce in raka shi zaure.

Gwangwanin na san shi, na mahaifiyarmu ne, wanda take soya nama ta binne a cikin kitsen alade ya shekara bai lalace ba. Da aka ɓalle murfin a gaban jama'a sai warin tsohon kitse ya cika zaure. Danshin kwarinmu yana sa jan ƙarfe ya yi kore, don haka yayana ya yi wa harsasansa abin da ya ga an yi wa nama: ya shafe su da kitse ya jera, ya shafe ya jera. Zafin kwanon rufi ya narkar da kitsen da bazara, sanyi ya daskarar da shi da harsasan a ciki. 'Yan kwalayen ƙarshe da ya sayo ne kawai suke sama a bushe, bai kai ga shafa su ba.

Wigand ya daɗe yana leƙen gwangwanin kafin ya ɗago.

"Ko ƙwaya ɗaya, ko, Waziri? Gaskiyarka, ai wannan ba harsashi ba ne, abincin rana ne."

Aka yi dariya, amma shi bai yi ba, kuma bai ƙara kallon yayana ba ranar. Odilo ya goge 'yan kaɗan ya fita gwaji. Wani harsashin ya tashi, wani ya ce ƙyas ya yi shiru, don mai ya shiga ya kashe albarushin, kuma ba a gane mai rai da matacce da ido. Wani daga cikin jama'a ya ce Ingomar ya riƙe busassun tunda nasa ne. Yayana ya farke kwalayen ya juye su cikin hular Odilo tare da sauran, ya cuɗanya da hannunsa. Kunya ta sa wasu ma suka kawo ɗan abin da suka ɓoye, aka sa ranar biki a farkon Oktoba.

Da ranar ta zo, 'yan badujala suka ɗauko Wigand daga gida, aka dawo zaure a jere. Kowa ya sa hannu a hula ya ɗebi uku ba tare da ya duba ba. Ban taɓa ganin harbin sarki irin wannan ba. Mutum zai daɗe yana saiti, ya riƙe numfashi, sai a ji ƙyas, zaure ya kwashe da dariya ana cewa kitse ya ci wani. Na bar agwagwa a hannun mataimakana na fito na tsaya a bayan igiya.

Da aka kira Ingomar ya taka a hankali ya tsaya a layi. Ya ɗaga bindigar babanmu, ya daɗe ƙwarai kafin ya danna. Ƙyas. Aka yi 'yar dariya. Ya sa na biyu, ya ƙara daɗewa, na ga kansa yana son karkata yana mai da shi. Ƙyas. Wannan karon babu wanda ya yi dariya, har Wigand na ji ya ce a hankali, "Haba dai."

Ya sa na uku ya ɗaga. Ina ta addu'a a raina wannan ya tashi, ko da na biyun zai sake zuwa. Ya tsaya har bakin bindigar ya fara lilo, abin da ban taɓa gani a hannunsa ba. Sai ya sauke, ya buɗe, ya zare harsashin ya jefa a aljihu.

"Wannan ma na kitse ne," ya ce wa Odilo. "A ƙirga shi."

Wani magini da bai daɗe da shiga ƙungiya ba ne ya zama sarki. Wigand ya zo ya dafa kafaɗar yayana ya ce alhakinsa ne ya kama shi, amma shekara mai zuwa tana nan. Har yau a ƙauyenmu cewa ake kitse ne ya hana Ingomar sarauta, shi kuma bai taɓa musawa ba.

Da yamma aka jeru a bayan badujala za a raka sabon sarki gida, mu biyu muna can ƙarshe. Ya laluba aljihu ya sa mini harsashin a tafin hannu. A bushe yake ƙarau, babu ko santsi, cikin sababbin ne.

"Wannan zai tashi," ya ce. "Tun da na taɓa shi na sani. Baƙin ne ban gani ba, Traudi, tun harbin farko. Faifan ma sai na kau da kai nake ganinsa."

Na buɗe baki zan yi maganar watan Mayu, na ga ya riga ya sani, na fasa. Mun iso gadar katako, masu kiɗa sun yi mana nisa. Ya tsaya a bakinta ya miƙo mini gwiwar hannunsa, ya ce in riƙe shi mu haye kafin wani ya waiwayo.