Ƙwai Mai Mayafi

A gidanmu na bayan Kura, wutar turara shinkafa ita ce wutar hirarmu. Sana'ar kakata Iya ke nan: ta jiƙa shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, da an idar da sallar isha'i ta ɗora ƙatuwar tukunya, mu jikoki mu kewaye murhun. Ba na manta daminar da ta fara naɗe ƙirjinta da mayafi, duk zafin wutar nan, hannun hagu a manne da jiki. In an tambaye ta sai ta ce sanyin tsufa ne.

A daminar ce na dawo daga bakin kanal ɗin ban ruwa da ganye biyu. A bayan na kuɓewa akwai 'yan ƙwayaye farare, kowanne a rataye a kan zare siriri. A kan na shinkafa kuwa ɗan dunƙule ne, lulluɓe da gashi ruwan ƙasa, luf-luf, gwanin sha'awa.

"Iya, wanne ne mugun?"

Ta kai su kusa da wuta ta jujjuya. "Maigida, kai da ko cefane ba ka yi, yau baƙi ka kwaso mini? To ku matso, ga wata tatsuniya nan tafe."

A shekarar da ruwan kanal ya fara zuwa, in ji ta, wani manomi Tanko yana gonarsa da almuru sai ga mata biyu sun fito daga cikin ruwan, ƙafafunsu a bushe. Kowacce tana neman inda za ta bar 'ya'yanta. Ta farko doguwa ce, koriya, idanunta na ƙyalli. Ko gaisuwa ba ta yi ba, ta tsinki gashin kanta ta rataye 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, suna ta lilo alhali ba iska. Ta biyu ta durƙusa ta gaishe shi da murya ƙasa-ƙasa, ta kwantar da nata, ta cire mayafinta ta rufe su.

Tanko ya ce mai rataye jarirai ai mayya ce. Ya bi 'ya'yan doguwar ya murje da yatsa, na mai mayafin ya ƙyale su.

Shinkafa ta yi kore shar. Amma duk lokacin da ya tsaya shiru a gonar sai ya ji ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana tauna a rufaffen ɗaki. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ba kowa. Ran da shinkafar ta fitar da kai, gonar ta wayi gari fari fat, zangarniya a tsaye cak, babu mai sunkuyawa, don ko ƙwaya ɗaya babu a ciki. Ya ja guda, ta zare ba gardama. Ya tsaga karan, sai wata tsutsa ta ɗago kai ta ce, "Baba, mun gode da masauki."

Ƙanwata Ladidi ta cusa fuskarta a bayana. Tukunya tana ta huci, ni kuwa ji nake kamar taunar nan daga cikinta take fitowa.

"To 'ya'yan doguwar fa?" na tambaya.

"Masu gadi ne. Da ya bar su, da sun cinye na mai mayafin tun ba su shige kara ba." Ta miƙo mini ganyen kuɓewar ta ce gobe in mayar da shi inda na samo, na shinkafar ta jefa a wuta. "Wanda ya tsaya fili kana ganinsa, da sauƙi. Na lulluɓe za ka ɗaga ka duba."

Da na girma na kama noma, na ga ba ta ƙara komai ba: ƙwai mai zare na ƙwaro mai cin ƙwari ne, mai lulluɓi na tsutsar kara.

Iya ba ta ga wata daminar ba. Sai wajen wankan gawa mata suka ga abin da ke ƙarƙashin mayafin: ciwon daji ya gama cinye nononta na hagu. Kunya ta hana ta faɗa, kuma a gidanmu ba a tambayar babba sau biyu. Har yau abin yana ci mini rai, kuma ban san ko ƙwai take koya mana a ranar ba, ko roƙo take wani ya gane.

Kwanan baya na tarar da mahaifiyata dafe da gefen cikinta. Ta ce ba komai, gajiya ce. Na ce to, Inna, na ji. Na fita na tsayar da mai adaidaita da zai kai mu asibiti, na dawo na ɗauko mata takalmanta.