Burtalin da Malam ya bari

Shekara tara ke nan da rasuwar mijina, Malam Isufu, a Lyon. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba sai bana, da wata magana ta taso wadda ta sa na yi ta neman muryarsa a cikin kaina.

Littattafan soyayya ne suka raine ni. A Maradi, cikin jakar lakwal, wato makaranta, nake ɓoye su. Da aka ce mai neman aurena yana karatu a Faransa, sai na gama tsara komai a raina: furanni, wasiƙu masu ƙamshi, yawo a bakin kogi. Da na iso ɗan ɗakinsa a Villeurbanne, gefen Lyon, taswirar Amurka na tarar ta rufe bango guda, ga takardu har ƙarƙashin gado. Tarihin farkon ƙasar yake nazari, yadda mutanenta suka rabu da Ingila, suka cika da kishin sabuwar ƙasarsu, suka yi ta kutsawa yamma suna ganin Allah ne ya ba su duk abin da ke gabansu har bakin teku.

Wani zane a cikin littattafansa ya sace min zuciya. Amalanke ne mai rumfar farin ƙyalle, shanu na ja, miji da mata a gaba, rana tana faɗuwa. Na ce, "Malam, ka ga masoya. Sun bar kowa sun tafi inda ba kowa."

Ya yi dariya har ya cire tabarau. "Rakiya, wa ya ce miki ba kowa? Mai zanen ne bai sa su ba."

Ranar ya ba ni labarin mutanen da aka tarar a can, masu gonaki da garuruwa da kaburburan kakanni, waɗanda aka tasa a gaba aka kore su da ƙafa. Ya ce a zamanin ne kuma masu neman gyara suka tashi, wasu na yaƙi da bauta, wasu da giya, wasu na neman a buɗe wa kowa makaranta. Waɗanda ya fi so su ne matan da suka bi gida-gida suna tara sa hannu don a bar mutanen nan a ƙasarsu. Ba su yi nasara ba. Amma saboda su, in ji shi, ba mai iya cewa ba a sani ba.

Na daɗe ban gane me ya haɗa ɗan manomi da wannan tarihi mai nisa ba. Ashe gidansu yake karantawa. Kakansa ne ya sare daji ya kafa ƙauyensu a arewacin Maradi, kuma dangi kan ce da ya iso bai tarar da komai ba sai zabi da tsohuwar rijiya. Malam ya ce tun yana ƙarami tambaya ɗaya ke cin sa: to wa ya gina rijiyar? Da gonar mahaifinsa ta zo hannunsa, sai ya yanke gefenta daga hanya har bakin rijiyar, ya hana a noma, ya bar shi burtali don shanun Fulani su wuce su sha. Dangi suka ce boko ya taɓa shi.

Nakan so in san me zai ce da ya ga yau. Kowa a waya kishin ƙasa yake, a gida da nan Faransa, kowa da tutarsa da wanda yake ganin ya yi masa yawa. Ba na jin zai raina su, don shi ma idonsa kan kawo ruwa in ya ji taken ƙasarmu. Sai dai na san zai tambaya a hankali wa za a matsar kafin mu sami sarari.

Da aka raba gado, gefen burtalin ya faɗo a rabona da na 'yarmu Nafisa. Kafin damina, wan Malam, Alhaji Sani, mai sito a Aubervilliers, gefen Paris, ya kira ni ya ce dangi na so a nome wurin. Na ce wannan ba maganar waya ba ce. Na hau jirgin ƙasa zuwa Paris, na same shi tsakanin kwalayen takalma.

Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Maman Nafisa, kina Lyon kina cin burodi, kina hana mutane gero. Ƙasa ta gaji, bakuna sun yi yawa. Kowa ya nome nasa, sai mu?"

Gaskiya ya faɗa, kuma ta yi min zafi. Malam bai taɓa kwana da yunwa a Faransa ba, ni ma haka. Sai na ce, "Yaya Alhaji, su nome sauran rabonmu duka, aro, ba na neman ko dami ɗaya. Amma hanyar shanu a bar ta."

Ya ce, "Wannan taurin kai ba naki ba ne. Na san mai shi." Ya goge idonsa da hannun riga, ya ce zai gaya musu.

Kundin digirin Malam bai kammala ba, yana cikin kwali a ɗakina a unguwar Minguettes, kuma ba na jin wani zai karanta shi. Abin da ya rage nasa a duniya 'ya ɗaya ce da wani siririn fili da ba a shuka komai a kansa. Bana an bar shi. Baɗi ban sani ba, kuma wata rana ba ni za a tambaya ba. Nafisa a Lyon aka haife ta, ba ta taɓa ganin garken shanu ya doshi rijiya ba. Da na dawo na ba ta labari, sai ta ce in wurin nata ne, tana so ta tsaya a kansa kafin a sake neman sa. Za mu tafi bayan girbi.

Allah ya yalwata maka makwanci, Malam, kamar yadda ka yalwata wa wasu hanya.