Gyara Arba'in da Uku na Jucilene

Ƙanwata Jucilene tun tana 'yar shekara sha huɗu ta fi ƙarfin kowa a gidanmu. Ni Valdir gyaran waya nake yi a kasuwa a nan Recife, kuma ina ji da kaina. Amma ranar da ta karɓe wayar da na kwana uku ina fama da ita, ta tashe ta kafin Mama ta sauke wainar rogo ta tapioca daga kasko, sai na kama bakina.

A jami'a ma haka. Duk manhajar da ta rubuta, malamai su ce madalla su miƙo mata. Wani da murna zai yi, ita kuwa abin ci mata rai yake.

"Yaya, shekara uku ba wanda ya ce na yi kuskure," in ji ta. "Ko ni mala'ika ce, ko ba mai karantawa. Haka zan tsufa ban ƙaru da komai ba."

Tsoronta ke nan a duniya, ba wasa take ba.

Da ta gama, masu son aiki da ita suka yi mata caa. Farfesa Anacleto ya ce ta zauna ta yi digirin digirgir, ita ce magajiyarsa. Gilvandro, abokin karatunta, ya buɗe ɗan kamfani a saman kantin magani, su uku. Ya zo har shagona ya same ta, yana zuba.

"Ke ce shugaba, Juci! Ba mai taɓa aikinki!"

"To in na yi shirme wa zai gaya min? Kai?"

Kai, na yi dariya har da riƙe ciki. Bawan Allah ya zaci zuma ya lasa mata.

Sai wani katafaren kamfani a São Paulo ya kira ta gwaji ta bidiyo. Mai gwajin wata dattijuwa ce, Dona Marlúcia. Minti biyu ta yi tana duba abin da Jucilene ta rubuta, ta ce, "Yana aiki. Amma in mutum miliyan goma suka danna lokaci guda, layi na sha bakwai zai kashe shi." Ashe a can ƙa'ida ce, ko layi ɗaya ba ya shiga sai wasu biyu sun karanta sun sa hannu. Yarinyar nan ta fito ɗaki tana tsalle kamar an yi mata albishir da mota. Da suka ce sun ɗauke ta aiki, ranar ta amsa musu.

Satinta biyu a can, da rana tsaka, ta kira mu tana ihu.

"Arba'in da uku! Gyara arba'in da uku suka yi min!"

Mama ta dafe ƙirji. "Na shiga uku, korarki za su yi?"

"Haba Mama! Sun karanta ne, layi-layi! Yaya, biyu kawai na musa. A ɗaya Dona Marlúcia ta kayar da ni warwas."

"Ɗayan fa?" na ce.

Sai ta sassauta murya.

"Ta rubuta min, 'Ke ce daidai, ni na kuskure, aikinki ya yi kyau.' Yaya, tunda nake, yau ne aka yabe ni na yarda."