Kalmar da na ɓoye wa Baba

Muna fitowa daga ɗakin lokotoro a asibitin Dogon Dutsi, Baba ya ja hannuna muka zauna a inuwar itacen bedi.

Ciwon hantarsa ya yi nisa. Lokotoro ya yi mini bayani da Faransanci, yadda ake yi idan ba a so tsoho ya ji. Ya yi ta maimaita kalma ɗaya, paliyatif, wato babu warkewa sai rage zafi. Ni kuwa na ce wa Baba sauƙi na nan tafe.

"Wannan paliyatif ɗin," in ji Baba, "sallama ce, ko?"

Na ce, "Haba Baba, sunan magani ne."

"Ban shiga lakwal na yi boko ba, amma ina da ido. Da lokotoro ya faɗe ta, ya sassauta murya. Bai ce mu dawo ba. Gishirin da ya hana ni bara, yau ya ce in ci abin da raina ka so. Kai kuma tun ɗazu takalminka kake kallo."

Wallahi na rasa inda zan sa fuskata.

Baba ya ce, "Ka kai ni Kore Mairuwa wurin ƙanena. Tun rabon gona ba mu magana. Da na yarda da fassararka, da na ce sai bayan girbi."

A motar kasuwa ban iya haɗa ido da shi ba. Na ɗauka tausayi nake yi, ashe lokacin neman gafara na kusa sace masa.

Don Allah, ku da ke raka iyaye asibiti, me kuke faɗa musu?